Doguwar Tafiya a Kan Babur: Jikin Mahayi Ne Ke Yanke Zango

Idan Sallah ta matso, ko damina ta kawo kai 'yan ci-rani suka fara haramar komawa gona, manyan hanyoyin Arewa da na kudancin Nijar sukan cika da wani matafiyi da ba kasafai ake lissafawa da shi ba. Saurayi ne a kan Boxer ko Haojue ko Jincheng, buhu ɗaure a baya da tsohuwar robar taya, galan na reto a gefe, wani lokaci har da goyon ƙane. Ba unguwa za shi ba, kilomita 300 ne ko 500 a gabansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, lissafin wannan saurayi ya ƙara ƙarfi, domin ƙaramin babur mai lafiya yakan ci kilomita 40 ko fiye da lita guda, kuma ya kai mutum har ƙofar gida a ƙauyen da motar haya ba ta leƙawa sai ranar kasuwa. Ba ni da ja a kan wannan lissafi. Inda nake da ja shi ne tambayar da ake yi kafin a tashi. Kusan kowa cewa yake, "Awa nawa za ta ci?", abokai kuma su amsa masa da labarin wane da ya baro Kaduna bayan La'asar ya yi Magariba a Kano. A ganina, abin da ke yanke tsawon tafiyar yini a kan babur shi ne jikin mahayin da hasken rana, kuma mafi munin abin da ke samun matafiya yana farowa ne daga ƙuduri guda da mutum ya ƙulla tun a gida, cewa ko ana ha-maza-ha-mata yau sai ya kwana a inda ya nufa.

Hujja ta farko tana wurin mutanen da suka fi kowa yin nisa a kan babur. A ranar 11 ga Disamban 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin zama a gefe, yana kuma jan 'yar tirelar kaya. Suka ratsa Sahara ta Aljeriya, injin ya lalace har sai da aka kwance shi aka sake haɗawa a Agadas, suka gangaro ƙasar Hausa, suka nausa gabas sannan kudu, ba su isa Kef Tawun da ke Afirka ta Kudu ba sai 29 ga Yulin 1935. Tafiyar ta haura kilomita 21,000 cikin kwana 230, wato idan aka raba, ba ta kai kilomita 100 a rana ba. Ted Simon, ɗan jarida daga Ingila, ya tashi a 1973 a kan Triumph, ya dawo a 1977 bayan ya ratsa ƙasashe 45 da sama da kilomita 100,000, wanda ya kama wajen kilomita 70 a rana. A 2009 Nathan Millward ya hau tsohon baburin raba wasiƙu ƙirar Honda, wanda injinsa 105 ne a ma'aunin nan da ake cewa babur 100 ne ko 125, ya taso daga Sidni ta Ostireliya har Landan, kimanin kilomita 37,000 cikin wata tara, wajen 135 a rana. Na kusa da mu shi ne Kunle Adeyanju, ɗan Najeriya da ya bar Landan a watan Afrilun 2022 don wayar da kai a kan cutar shan inna, ya shigo Legas ranar 29 ga Mayu bayan kwana 41 da sama da kilomita 12,000. Babur ɗinsa Honda ne mai inji 500, ya ninka na 'yan acaba sau huɗu ko biyar, amma rabonsa na kowace rana bai wuce kilomita 300 da wani abu ba.

Mai lura zai ce ai wannan rabo ya haɗa da ranakun hutu, da na jiran biza, da na zaman garejin bakanike. Haka ne, kuma wannan shi ne abin da nake so a gani. Waɗannan mutane sun ɗauki ranar da ba a motsa ba a matsayin wani ɓangare na tafiyar, ba asara ba. Labarin Millward kuma, da na Olabisi Ajala, ɗan Najeriyar da ya shafe shekaru tun daga 1957 yana zaga ƙasashen duniya a kan 'yar Vespa, sun nuna cewa ƙanƙantar inji ba ta hana cin dogon zango. Babur ɗin da ke tsakar gidan talaka zai iya zuwa ko'ina. Sai dai ba zai je a rana ɗaya ba.

Dalili yana cikin bambancin tuƙin mota da hawan babur, bambancin da wanda bai taɓa yin awa biyar a kan sirdi ba zai raina. Direban mota yana jingine, gilashi ya tare masa iska, ƙafa huɗu na riƙe da motar ko da hankalinsa ya ɗan gushe. Mai babur kuwa duk jikinsa aiki yake. Wuya na tokare kai da iskar da ke bugunsa, hannuwa na riƙe da kan babur da ke karkarwa babu ƙaƙƙautawa, ƙugu da cinyoyi na daidaita nauyi a kowace kwana, ido na karanta kowane rami da yashin da ya kwanta a bakin kwalta, kunne kuma cike da gurnanin iska. A awa ta farko duk wannan daɗi ne. Zuwa ta huɗu ko ta biyar yatsu sun fara mutuwa, kafaɗa ta sandare, mazaunai na zafi har mutum ya riƙa gyara zama daga wannan gefe zuwa wancan. Daga nan sai alamar da ta fi kowace haɗari ta bayyana: ido ya kafe a wuri guda, mutum ya farga cewa ya wuce wani ƙauye amma bai tuna ya gan shi ba. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa da na hannunsa sun yi daidai da na wanda ya sha barasa har iyakar da ƙasashe da yawa ke haramta tuƙi. Wanda ya tashi ƙarfe huɗu na asuba ya ɗaure kaya, ƙarfe tara na dare ya cika wannan awa 17, ko da bai taɓa shan komai ba a rayuwarsa sai ruwa da fura. A gudun kilomita 80 a awa, babur na shafe mita 22 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa biyu ya isa a ci mita 44 babu mai tuƙi, kuma babur ba ya tsayuwa da kansa.

To, idan gajiya ce matsalar, me zai hana a ƙara wuta a gama da wuri? Wannan ita ce dabarar da ta fi yaudarar samari, kuma lissafi bai goyi bayanta ba. Kilomita 300 a gudun 60 awa biyar ne, a gudun 80 kuwa awa uku da minti 45. Ribar awa ɗaya da kwata ce a takarda, a zahiri ma ba ta kai haka ba, domin kasuwannin bakin hanya da shingayen bincike da wuraren da kwalta ta farfashe za su cinye rabinta. Abin da aka biya kuwa mai yawa ne. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin a tsaya sau huɗu take ninkawa, haka ma ƙarfin iskar da ke bugun ƙirji da wuya, don haka mai gudu ya fi saurin gajiya kuma ya fi shan mai. Ƙananan baburanmu iska ce ke sanyaya injinsu, baƙin man da ke ciki kuma wajen lita ɗaya ne kacal. An ƙera su don zirga-zirgar gari da hanyar ƙauye, ba don a murɗe totur har ƙarshe a riƙe awa uku cikin zafin bazara ba. Wanda ya yi haka yana neman inji ya buga masa a dajin da babu bakanike. Birkinsu ma ba a yi shi don tsayar da ƙarti biyu da buhun masara daga gudun 90 ba. Littafin dokokin hanya na Najeriya kilomita 50 a awa ya ƙayyade wa babur. Na san kusan babu mai bin wannan a babbar hanya, amma tazarar da ke tsakanin 50 da 90 ta nuna yadda al'adarmu ta yi nisa da abin da na'urar za ta iya ɗauka.

Sai yanayi, wanda a ƙasarmu ba ƙaramin abokin gaba ba ne. A watan Maris da Afrilu zafi a Sakkwato da Nguru da Tawa yakan haura digiri 40. Mutane da yawa sun ɗauka iskar gudu tana sanyaya jiki, shi ya sa za ka ga mahayi da 'yar shimi ko riga mai gajeren hannu. Gaskiyar ita ce fatar mutum wajen digiri 35 take, kuma da zarar iska ta fi fata zafi, ƙara wa jiki zafi take yi, tana kuma busar da gumi kafin mutum ya san ya yi shi. Ruwan jiki na tafiya a ɓoye, sai ciwon kai ya zo, fitsari ya yi ja, rai ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, hukuncin da ake yankewa a daƙiƙa guda, in wuce tirelar nan ko in jira, ya fara karkacewa. Buzayen da suka san hamada ba su taɓa fuskantar rana da tsiraicin fata ba, lulluɓe jiki suke yi. Mahayi ma abin da ya dace da shi ke nan: riga mai kauri da dogon hannu, safar hannu, takalmi rufaffe, da shan ruwa a kowace tsayawa tun kafin ƙishi ya zo. Da hunturu kuma matsalar juyawa take. Sanyin asuba a kan babur yana kashe yatsu har su kasa damƙar birki da sauri, hazo na rage nisan gani, ƙura na toshe matatar iskar inji. Mai tafiya cikin azumi ya tuna cewa shari'a da kanta ta ɗauki tafiya a matsayin wahala: a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ta isa a yi ƙasaru, an kuma yi wa matafiyi rangwamen ajiye azumi ya rama. Wanda bai so ya ajiye ba, sai ya rage zangon ya tsaya kafin rana ta take.

Dare ne ke haɗa dukkan waɗannan wuri ɗaya. Fitilar ƙaramin babur ba ta haska nisan da birkinsa ke buƙata idan ana gudu, ma'ana abin da ka hango ka riga ka makara a kansa. A hanyoyinmu kuwa abin hangowa ba ya ƙarewa: tirelar da ta mutu a tsakiyar kwalta babu alama sai 'yan rassan ganye da yaron mota ya jera, garken shanu na tsallakawa, amalanke babu fitila, ramin da ruwan jiya ya cika ya ɓoye zurfinsa. Mota mai ido ɗaya takan yi kama da babur har sai an zo gab da juna. Babbar mota ta dallaro fitilu, ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, daidai lokacin da iskar wucewarta za ta hankaɗa babur gefe. Duk wannan yana zuwa ne a sa'ar da jiki ya fi gajiya. Hasken rana a yankinmu wajen awa 12 ne duk shekara, ƙari ko ragi kaɗan. A ɗauki hanyar Maraɗi zuwa Yamai, ta Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kimanin kilomita 660. Idan aka haɗa da tsayawar salla da shan mai da cin abinci da shingaye, ƙaramin babur da wuya ya wuce matsakaicin kilomita 45 a awa. Awa 15 ke nan. Babu yadda za a yi a cusa awa 15 cikin hasken awa 12, don haka wanda ya ce zai yi ta a yini ɗaya ya riga ya zaɓi ɗayan biyu tun kafin ya tayar da inji, ko gudun wuce sa'a ko tafiyar dare, galibi ma duka biyun.

Akwai masu kawo misalin 'yan tsere. Gasar Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978 daga Faris, ta sha ratsawa ta Agadas da hamadar Tenere, mahayanta kuma sukan yi kilomita 600 ko 800 a rana cikin rairayi. A Amurka ma akwai ƙungiyar da ke ba da takardar shaida ga wanda ya yi mil 1,000 cikin awa 24. Ana iyawa ke nan. Amma ɗan tseren Dakar ya shekara yana horar da jikinsa, yana sanye da sulke tun daga kai har ƙafa, bayansa akwai makanikai da likitoci da jirage masu saukar ungulu. Da duk wannan gata, Fabrizio Meoni, Ba'italiyen da ya lashe gasar a 2001 da 2002, a cikinta ya rasu a Muritaniya a 2005, Paulo Gonçalves na Fotugal kuma ya rasu a 2020 bayan an mayar da ita Saudiyya. Idan wannan ne sakamakon gwanaye, bai kamata mai silifa da hula zanna ya ɗauke su abin koyi ba.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi na talaka ne, kuma ya cancanci a saurare shi da kyau. Zai ce, "Malam, kai kana maganar kwana a hanya. Kuɗin masauki fa? Abincin kwana biyu fa? Hutun kwana uku aka ba ni, in kashe biyu a zuwa biyu a dawowa?" Wannan gaskiya ce, kuma Baturen da ke yawon duniya ba ya cikin irin wannan matsi. Amma a duba yadda kakanninmu suka warware matsalar da ta fi wannan. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, kuma madugu ba ya auna tafiyar yini da ɗokin isa. Yana auna ta da abin da jaki mai kaya da ɗan adam za su iya, ya san inda ruwa yake, ya san zangon da za a sauka tun kafin a ɗaura kaya. Zangunan nan ne suka zama unguwannin Hausawa da ake gani yau har Kumasi da Ankara. Wannan sarƙar zumunci ba ta mutu ba. Da wuya a sami babban gari tsakanin Agadas da Legas da Bahaushe zai rasa ɗan garinsu, ko sarkin Hausawa, ko shugaban 'yan acaba, ko limamin da zai nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma ya ajiye babur cikin aminci. Abin da ake buƙata kiran waya ne tun ana jibi za a tashi. Idan kuma lokaci ne ya yi ƙaranci ƙwarai, amsar ita ce wannan tafiyar ba ta babur ba ce, a hau mota. 'Yan acaban da ke zuwa neman kuɗi Kudu sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke loda baburansu a manyan motoci maimakon su hau su kilomita 1,000, ko da yake zaman mutane a saman kaya shi ma wani ganganci ne na daban. Kuɗin kwana ɗaya a hanya kuma, ko nawa ne, bai kai na ɗorin ƙafa da wata uku a kwance ba, ga iyali babu mai nema musu.

Hanyar da wasu suka zaɓa don kauce wa wannan lissafi ita ce ƙwaya, kuma dole a faɗe ta ƙarara. Tramadol da danginsa ba sa cire gajiya, toshe saƙon da jiki ke aikowa suke yi. Tsoka na nan a gajiye, ido na nan a raunane, mutum ne kawai ya daina ji, ya kuma sami ƙarfin halin da babu komai a ƙarƙashinsa. Likitoci sun san cewa yawan shan tramadol na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ba sai an bayyana abin da hakan ke nufi a kan babur mai gudu ba. Goro da shayi da kofi sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma su ma aron lokaci suke bayarwa. Maganin barci barci ne, ko da na minti 20 ne a gindin bishiya kusa da mutane.

Wani zai ce a zamanin nan tsayawa ita ce haɗari, gara a yi gudu a fice daga daji. Rashin tsaro gaskiya ne, kuma ya sauya matsayin babur a idon hukuma, tun da shi ne abin hawan 'yan bindiga. An hana hawa babur a Maiduguri tun 2011. Kano ta hana acaba a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Jihar Difa a Nijar ta hana zirga-zirgar babura a 2015, yankin Tilaberi ya bi sahu a 2020, Zamfara da Katsina kuma sun sha sanya dokokin taƙaita hawa da goyo da sayar da mai a jarka. Sai dai idan aka duba, duk wannan ƙarin dalili ne na tsara zango, domin dokokin sukan bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga ƙaramar hukuma zuwa maƙwabciyarta, kuma da yawansu da faɗuwar rana suke fara aiki. Baƙon da ya doso shingen sojoji da dare a kan babur, fuska naɗe da rawani, ya jefa kansa cikin haɗarin da ya fi na rami. Wanda ya tsara tafiyarsa yakan tsaya a tasha ya tambayi direbobin da suka fito daga inda za shi, ya ratsa wurin da ake tsoro da hantsi lokacin da motoci ke bin juna, ya riƙe lasisi da takardun babur da katin shaida a inda hannu zai kai da sauri, idan zai tsallaka iyaka kuma ya nemi takardar shigar da abin hawa da inshorar da ake karɓa a can. Mai sauri shi ne wanda ba ya tsayawa tambaya. Akwai kuma hanyoyin da amsarsu ita ce kada a bi su a kan babur sam, da rana ko da dare, har Allah ya kawo sauƙi.

Ba zan ɓoye cewa babur, ko an bi duk ƙa'ida, ya fi mota haɗari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma sama da kashi ɗaya cikin biyar masu babura ne da kekuna masu ƙafa uku. Amma cewa mutane su daina doguwar tafiya a babur magana ce ta wanda yake da zaɓi. Malamin makarantar ƙauye da ma'aikacin rigakafi da ɗan kasuwar da ke bin Maigatari da Illela da Jibiya ba su da shi. Abin da ke hannunsu shi ne rage kaifin haɗarin, kuma babu abin da ya kai hular kwano a nan. Nazarin da ya tattara bincike masu yawa ya nuna tana rage yiwuwar mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta sanya ta a Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, abin ya zama labarin dariya har a kafofin watsa labaran waje. Ni ban ga abin dariya ba, domin ya nuna an ɗauki hular a matsayin harajin hukuma, ba garkuwar kai ba. A doguwar tafiya ma tana da amfani na biyu da ba a cika faɗa ba: mai gilashi a gaba tana tare iska da ƙura da ƙwari, tana rage ƙarar da ke gajiyar da ƙwaƙwalwa, don haka mai ita ya fi daɗewa da hankalinsa. Amma sai an ɗaure igiyarta a haɓa, in ba haka ba ita ce ke fara tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. Masu cewa kowa da ranarsa gaskiya suka faɗa, sai dai malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, kuma mai faɗar hakan da kansa yakan kulle babur ɗinsa da kwaɗo idan zai shiga masallaci.

Shirin na'urar kuwa ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai lokaci. A kai babur wurin bakanike kwana biyu ko uku kafin tafiya, ba daren tashi ba, domin a sami damar hawansa a ji ko an bar wani ƙusa a kwance. A yi juyen baƙin mai, a duba birki da fitilu da filogi. Sarƙa a taɓa ta da yatsa a tsakiya: ta motsa sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu, idan ta yi tsauri za ta ci haƙora, idan ta yi sako-sako za ta iya zamewa ta cije tayar baya ana cikin gudu. Tayar da zanenta ya shafe a canza ta, kuma a auna iska da safe kafin ta ɗau zafi. A ɗauki filogi na ajiya da kayan faci da famfo da 'yan sifanu. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa-ƙasa kusa da bayan mahayi, domin buhun da aka tura can ƙarshen kariya yana ɗage tayar gaba har kan babur ya riƙa rawa. Che Guevara da abokinsa Alberto Granado, da suka tashi daga Ajantina a farkon 1952 su biyu da tulin kaya a kan tsohon Norton, sun sha faɗuwa, kuma babur ɗin bai wuce ƙasar Chile ba, sauran tafiyar a ƙafa da motocin mutane suka yi ta. Goyo yana ƙara tazarar birki, yana kuma rage zangon da ya kamata a yi, musamman idan mace ce da yaro, ga kuma gefen zane ko mayafi da ke iya shiga cikin sarƙa ko waya.

Idan aka tambaye ni adadi, zan ce ga ƙaramin babur a hanyoyinmu kilomita 250 zuwa 300 yini ne cikakke, kuma wannan ra'ayina ne da na gina a kan lissafin da ya gabata. Lokutan salla sun riga sun yanka yinin yadda ya dace. A tashi bayan gari ya waye sosai, a tsaya kowace awa ɗaya da rabi a sauka a taka ƙasa a sha ruwa, a yi doguwar tsayawa daga Azahar har rana ta yi sanyi, a ƙarasa bayan La'asar, Magariba kuma ta sami mutum ya riga ya sauke kaya. Mutanen gida ma suna da hannu a ciki fiye da yadda suke zato. Uwa ko mata ko yaya da ke bugo waya kowace awa suna cewa "Kana ina? Yau dai za ka iso ko? Ga tuwo an ajiye maka" ƙauna ce ke sa su, amma kowane kira ƙarin nauyi ne a kan hannun da ke riƙe da totur, wani ma garin laluben wayar a aljihu yake barin hanya. Ya fi amfani a yi maganar tun kafin ya tashi: a wane gari zai kwana, a gidan wa, mece ce lambar mai masaukin, kuma shi ne zai riƙa kira idan ya tsaya. Idan Magariba ta yi ba a ji daga gare shi ba, an san garin da za a fara tambaya da mutumin da za a kira.